Shari'ar Ann Hopkins: Yadda Aka Auna Mace Mai Ƙwazo a Kamfanin Price Waterhouse

A shekarar 1982 abokan tarayyar kamfanin Price Waterhouse da ke wani ofishinsa na birnin Washinton, wanda yake kula da kwangilolin gwamnatin Amurka, suka gabatar da sunan wata babbar manajarsu mai suna Ann Hopkins domin a ɗaga ta zuwa matsayin abokiyar tarayya, wato ta shiga sahun waɗanda suka mallaki kamfanin kuma suke raba ribarsa. Price Waterhouse yana cikin manyan kamfanonin akantoci na duniya a wancan zamani, kuma a Amurka yana da abokan tarayya 662, waɗanda bakwai ne kacal mata a cikinsu. Mutum 88 aka gabatar a wannan shekara, Hopkins ce kaɗai mace. Da aka gama tantancewa sai aka ɗauki 47, aka ƙi 21, sauran 20 kuma aka ce su dakata sai baɗi. Hopkins tana cikin waɗanda aka ce su dakata, kuma kafin baɗin ta zo, biyu daga cikin abokan tarayyar ofishinta suka janye goyon bayansu, aka sanar da ita cewa ba za a sake gabatar da sunanta ba. A farkon 1984 ta ajiye aiki, sannan ta kai kamfanin ƙara a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wadda ta haramta nuna wa ma'aikaci bambanci saboda jinsinsa.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci a zauna a yi nazarinsa a tsanake shi ne, babu wanda ya yi jayayya a kan iya aikinta. Hopkins ta karanci lissafi, ta yi aiki da kamfanin IBM tun kafin ta zo Price Waterhouse a 1978, kuma ita ce ta jagoranci fafutikar kusan shekara biyu da ta kai ga kamfanin ya samu kwangilar dala miliyan 25 daga Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka. Abokan tarayyar ofishinta sun rubuta cewa ta gudanar da wannan aiki kusan kamar wadda ta riga ta zama ɗaya daga cikinsu. Manyan jami'an ma'aikatar da suka yi hulɗa da ita sun yabe ta da kaifin basira da tsayuwa a kan magana ɗaya da kuzarin aiki. Shi kansa alƙalin da ya fara sauraron ƙarar, Mai Shari'a Gerhard Gesell, ya tabbatar da cewa a cikin dukkan waɗanda aka gabatar a wannan shekara babu wanda ya kama ƙafarta wajen samo wa kamfanin manyan kwangiloli.

To, ina gizo yake saƙar? Tsarin kamfanin shi ne, idan wani ofishi ya gabatar da ɗan takara, ana gayyatar dukkan abokan tarayya su rubuta ra'ayinsu a kansa, wanda ya san shi sosai ya cika doguwar takarda, wanda ya san shi sama-sama ya cika gajera. Wani kwamiti yana tattara waɗannan takardu ya miƙa shawara ga majalisar gudanarwa, ita kuma ta yanke ko a kai sunan gaban ƙuri'a, ko a dakatar, ko a ƙi. Babu wata ƙayyadaddiyar ƙa'ida da ta ce kalaman yabo nawa ne suke wadatarwa ko kalaman suka nawa ne suke kayar da mutum. Mutum 32 ne suka yi rubutu a kan Hopkins. Guda 13 sun goyi bayanta, uku sun ce a dakatar da ita, takwas sun ce ba su san ta yadda za su yanke hukunci ba, takwas kuma sun ce a ƙi ta. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne mu'amalarta da ma'aikata. Masu goyon bayanta da masu adawa da ita duka sun yarda cewa wani lokaci tana da zafi fiye da kima, tana da kaushin harshe, ba ta da haƙuri da na ƙasa da ita, kuma aiki da ita yana da wuya.

Da a nan takardun suka tsaya, da babu shari'a. Amma a cikinsu akwai wasu kalamai na daban. Wani ya siffanta ta da cewa ta cika nuna mazantaka. Wani ya ce tana wuce gona da iri ne domin ta cike gurbin kasancewarta mace. Wani ya ba da shawarar a tura ta makarantar da ake koya wa 'yan mata ladabi da fara'a. Da wasu suka yi ƙorafin cewa tana yawan ashar, sai wani abokin tarayya ya ce a ganinsa abin da ya dame su kawai shi ne mace ce take yin ashar ɗin. Har ma wani daga cikin masoyanta, da ya tashi yabonta, cewa ya yi ta girma, ta tashi daga manaja mai kaushin magana mai ɗabi'ar maza ta zama mace mai kwarjini wadda ta fi daɗin sha'ani. Sannan sai babbar maganar da ta zama ginshiƙin shari'ar baki ɗaya. Thomas Beyer, shugaban ofishinta, wanda yake cikin masu goyon bayanta kuma aka ɗora masa alhakin yi mata bayanin dalilin dakatar da ita, ya shawarce ta cewa idan tana son ta inganta damarta, ta riƙa tafiya irin ta mata, ta riƙa magana irin ta mata, ta riƙa shiga irin ta mata, ta yi kwalliya, ta gyara gashinta, ta sa sarƙa da 'yan kunne.

Wannan shawara ita ce ta fi cancantar a daɗe a kanta, domin ba daga bakin maƙiyi ta fito ba. Beyer yana son Hopkins ta samu matsayin, ya karanci abin da ke zukatan abokansa, kuma ya gaya mata gaskiyar abin da ya gani da nufin taimako. Mafi yawan mutane idan aka ambaci raina mata, abin da yake zuwa musu a rai shi ne namiji mai tsanar mata, mai faɗin cewa ba su da wani amfani a wajen gida. Irin wannan mutum yana nan, har a cikin Price Waterhouse ɗin. Kotu ta gano cewa a shekarun baya akwai wani abokin tarayya da ya sha nanata cewa shi ba zai taɓa ɗaukar wata mace da muhimmanci a matsayin 'yar takara ba, kuma bai yarda mata za su iya riƙe ko da matsayin babban manaja ba, amma kamfanin bai tsawata masa ba, ya kuma ƙirga ra'ayinsa tare da na kowa. Sai dai ba shi ne ya kayar da Hopkins ba. Abin da ya kayar da ita shi ne wani tunani da masoya da maƙiya suka yi tarayya a kai ba tare da sun zauna sun tattauna shi ba, wato cewa akwai yadda ya kamata mace ta kasance, kuma wadda ta kauce wa hakan tana da aibin da ya kamata ta gyara kafin a duba aikinta.

Lauyoyin Hopkins sun kira Susan Fiske, masaniyar halayyar ɗan Adam a cikin jama'a, wadda a lokacin take koyarwa a Jami'ar Carnegie Mellon, domin ta ba da shaida. Fiske ba ta gana da abokan tarayyar ba. Takardun ta karanta, ta auna su da abin da bincike ya riga ya nuna game da yanayin da yake sa mutane su yi wa wani rukuni kuɗin goro. Ta nuna cewa yanayin ya cika a nan. Idan mutum shi kaɗai ne irinsa a cikin taro, to abin da ya bambanta shi da sauran shi ne abu na farko da ido yake kamawa, kuma ta wannan kafa ake fassara duk abin da ya yi. Tun a 1977 masaniyar zamantakewa Rosabeth Moss Kanter ta bayyana yadda hakan yake faruwa ga mata idan ba su wuce kashi 15 cikin ɗari na ma'aikata ba. Namiji mai zafi a cikin maza 87 mutum ne mai zafi kawai, amma mace mai zafi a cikinsu mace ce da ta fita daga ɗabi'ar mata. Ga kuma ma'aunin da ba shi da iyaka sananniya. Kuɗin kwangila lamba ce da kowa zai iya dubawa, amma iya mu'amala abu ne da kowa yake aunawa da zuciyarsa, kuma a irin wannan wuri ne zato yake samun hanyar shiga, musamman ga wanda ya san mutum sama-sama ya cike sauran da abin da ya saba ji. Fiske ta ja hankalin kotu ga yadda wani ya rubuta cewa duk ma'aikata ba sa son Hopkins, wani kuma ya ce kullum tana ba mutane haushi, alhali wasu da suka yi aiki da ita sun faɗi akasin haka. Ta kuma amince a fili cewa ba za ta iya nuna wata jimla guda ta rantse cewa daga kuɗin goro ta fito ba.

Masu nazarin wannan fanni suna rarrabe tsakanin iri biyu na zaton da ake yi wa mata. Akwai zaton yadda mata suke, misali cewa suna da taushin zuciya kuma ba su iya yanke hukunci mai tsauri ba. Akwai kuma zaton yadda ya wajaba su kasance, wato su zama masu tausasawa da kawaici da rashin nuna son girma. Na farko yana sa a ɗauka mace ba za ta iya aikin ba, kuma mace tana iya karya shi da aikinta, kamar yadda Hopkins ta yi da kwangilar dala miliyan 25. Na biyu kuwa aiki ba ya karya shi, hasali ma ƙwazo ne yake tayar da shi, domin halayen da ake bukata wajen ƙwato babbar kwangila daga hannun abokan gasa, irin su naci da matsa wa ma'aikata da ƙin ja da baya, su ne ainihin halayen da aka ce ba su dace da mace ba. Gwaje-gwajen da aka yi bayan shari'ar sun ƙara fito da wannan fili. Laurie Rudman ta nuna a 1998 cewa macen da ta fito ta faɗi nasarorinta ana ganin ta fi ƙwarewa, amma sai a rage son ta da son ɗaukarta aiki. A 2004 Madeline Heilman da abokan aikinta suka ba mutane bayanin wani babban jami'in sayarwa a kamfanin jiragen sama, wani lokaci da sunan namiji, wani lokaci da sunan mace. Idan ba a fayyace nasarar jami'in ba, sai a ce macen ba ta kai namijin ƙwarewa ba. Idan kuwa aka fayyace cewa ta yi fice, sai a yarda da ƙwarewarta, amma a ce ba ta da daɗin zama kuma tana da mugun hali, alhali ba a faɗi komai game da halinta ba.

Wajibi ne a yi wa kamfanin adalci a nan, domin lamarin bai zo da sauƙin da mai son Hopkins zai so ba. Gesell ya gano cewa ƙorafin da aka yi a kan mu'amalarta ba ƙirƙira ba ne, kuma kamfani yana da haƙƙin ya ba iya mu'amala muhimmanci. Ya kuma gano cewa ko da yake an ɗauki wasu maza masu irin wannan aibi, suna da wasu halaye nagari da ita ba ta da su. Daga ɓangaren masu sukar shaidar Fiske, Mai Shari'a Anthony Kennedy na Kotun Ƙoli da wani alƙali a kotun ɗaukaka ƙara sun yi tambaya mai nauyi: idan duk kalmar suka da aka faɗa a kan mace za a iya fassara ta a matsayin kuɗin goro, ashe ke nan ba za a taɓa samun mace mai girman kai ko mai kaushin hali ba? A ganina tambayar tana da tushe, amma ta kauce wa abin da ya faru. Ba a ce Hopkins ba ta da aibi ba. Raina mata a irin waɗannan wurare ba safai yake ƙirƙiro laifin da babu shi ba. Laifin da yake nan yake ɗauka ya auna shi da mudu dabam, ta yadda kaushin da za a kira jajircewa ga namiji, ko a kawar da kai a ce halinsa ne, sai ya zama abin da ya rufe dukkan sauran ayyukan mace. Kuma shaidar cewa an canja mudun tana cikin maganin da aka rubuta mata. Wanda yake zaluntar na ƙasa da shi ana ce masa ya riƙa saurarensu, ya daina yi musu tsawa. Ba a ce masa ya sa 'yan kunne.

Ƙananan kotuna sun ba Hopkins gaskiya, kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kuma a ranar 1 ga Mayu 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai shida a gefe guda, uku a ɗaya gefen. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta miƙa wa kotun takardar da ta goyi bayan ingancin binciken da Fiske ta dogara da shi, kuma wannan ne karo na farko da kotun ta duba irin wannan bincike a shari'ar wariyar jinsi. Mai Shari'a William Brennan, wanda ya rubuta babban ra'ayi, ya ce ba sai mutum ya yi wani karatu na musamman ba kafin ya gane kuɗin goro a cikin shawarar tura mace makarantar koyon fara'a, kuma idan har sabon jan baki ko tufafi mai sanyin launi zai iya gyara matsalar mu'amalar ma'aikaciya, to wataƙila jinsinta ne ya jawo sukar. Ya ƙara da cewa mai ɗaukar aikin da yake ƙin zafin nama ga mata, alhali aikin yana bukatar zafin naman, ya jefa su cikin halin gaba kura baya sayaki: idan sun yi zafi su rasa aikin, idan ba su yi ba su rasa shi.

Shekaru bakwai bayan wannan hukunci, a 1996, Fiske da Peter Glick suka fitar da nazarin da ya ba shawarar Beyer mazauninta a ilimi. Sun nuna cewa raina mata yana da fuska biyu da suke tafiya tare. Ɗaya ta ƙiyayya ce, wadda take kallon mace mai neman matsayi a matsayin mai son ƙwace iko daga maza. Ɗayar kuma ta lallashi ce, wadda take ɗaukaka mace a matsayin halitta mai tsarki da rauni da ta cancanci kariya, muddin ta tsaya inda aka ajiye ta. Fuska ta biyu ita ce lada, ta farko ita ce horo, kuma mutum guda yana iya riƙe su duka ba tare da ya ji wani saɓani a ransa ba, domin ya raba mata gida biyu, na kirki da na banza. Wanda ya yabi Hopkins da cewa ta tashi daga mai ɗabi'ar maza ta zama mace mai daɗin sha'ani yana ƙoƙarin fitar da ita daga wannan gida ne ya shigar da ita wancan. A shekarar 2000 aka gwada ma'aunin da suka tsara domin auna waɗannan fuskoki biyu a ƙasashe 19, har da Nijeriya, a kan mutane fiye da 15,000, kuma aka ga cewa inda ɗaya fuskar ta yi ƙarfi ɗayar ma tana da ƙarfi. A Nijeriya da Botswana da Afirka ta Kudu da Kyuba, inda ƙiyayyar maza ta yi yawa a ma'aunin, mata sun fi maza rungumar fuskar lallashi, abin da masu binciken suka fassara da neman mafaka: idan barazana ta yi yawa, alkawarin kariya yana ƙara daraja. Duk wanda ya taɓa jin an hana mace wani muƙami da sunan tausaya mata, ana cewa aikin zai yi mata nauyi ga gida ga yara, ba tare da an tambaye ta ba, ya san abin da ake nufi. Abin da ya fi damuna game da wannan fuska shi ne ba ta barin wa mace wanda za ta yi fushi da shi, domin mai tauye ta murmushi yake yi mata, kuma sau da yawa da zuciya ɗaya yake yi.

Akwai wani gwaji da ya taɓa ainihin raunin tsarin Price Waterhouse. A 2005 Eric Uhlmann da Geoffrey Cohen suka sa mutane su zaɓi shugaban 'yan sanda tsakanin mai zurfin karatu da mai gogewar aikin titi. Idan namijin ne mai karatu, sai masu zaɓe su ce karatu ne ya fi muhimmanci a wannan aiki. Idan shi ne mai gogewar titi, sai su rage darajar karatun. Waɗanda suka fi amincewa da cewa su masu adalci ne, su suka fi yin wannan juyi. Amma da aka sa su rubuta abin da ya fi muhimmanci tun kafin su san jinsin ɗan takara, sai bambancin ya gushe. Gwaji ne na ɗaki, ba ya ɗauke da dukkan sarƙaƙiyar kamfani na gaske, amma ya nuna inda laifin Price Waterhouse yake kamar yadda Gesell ya gan shi: kamfanin ya gayyaci ra'ayoyi barkatai, ya ba su nauyi mai yawa, bai gargaɗi kowa game da kuɗin goro ba, kuma da kalaman suka iso gabansa bai tace su ba.

Hukuncin Kotun Ƙolin bai ba Hopkins nasara kai tsaye ba. Kotun ta ce idan ma'aikaciya ta nuna cewa jinsinta ya taka rawa a hukuncin da aka yanke mata, nauyi ya koma kan kamfani ya tabbatar da cewa ko ba don haka ba abin da zai yanke ke nan, sai dai ta sassauta girman hujjar da ƙananan kotuna suka nema daga kamfanin, ta mai da shari'ar baya. A 1990 Gesell ya sake dubawa ya ga kamfanin ya kasa ware sukar da take ta gaskiya daga wadda zato ya gurɓata, ya umarce shi ya mai da Hopkins abokiyar tarayya ya kuma biya ta kimanin dala 371,000 na haƙƙinta da ya wuce. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan. Hopkins, wadda ta yi aiki da Bankin Duniya a lokacin shari'ar, ta koma Price Waterhouse a 1991, ta zauna har ta yi ritaya a 2002, kuma ta rasu a 2018. A shekarar da ta koma ɗin ce majalisar dokokin Amurka ta gyara dokar, ta ce muddin jinsi ya kasance ɗaya daga cikin dalilan da suka motsa hukunci, to an karya doka ko da akwai wasu dalilai na halal tare da shi, kuma kamfanin da ya tabbatar da cewa da ma abin da zai yanke ke nan, diyya da tilascin mayar da ma'aikaci kawai zai tsira daga gare su, ba laifin ba.